Sai-ka-shiga da Tsohuwa Mai Jar Lema

Mijin yayata shi ne kaɗai direban da na sani wanda bai taɓa danna wa kowa hon ba. Na sha gaya masa cewa ranar rabon gadonsa hon ɗin nan zan ɗauka, don sabo ne fil. Sai ya yi murmushi ya ce, "Wanzami, ai bakinka ya ishe mu hon." Ni mai aski ne, ina da shago da madubi da kujera mai juyawa, amma shi bai taɓa kirana da wani suna ba sai Wanzami.

Bas ɗin makaranta ya ja tun yana saurayi har furfura ta cinye masa gemu. Yara ne suka laƙaba masa Sai-ka-shiga, saboda in ya sauke yaro a ƙofar gidansu ba ya taka mota sai ya ga ƙeyar yaron ta ɓace a cikin gida. Motoci su yi layi a bayansa, a yi ta zage-zage, shi kuwa hannu a sitiyari, ido a ƙofar mutane. In yaro ya tsaya ɗaure igiyar takalmi, to duk unguwa ta tsaya tare da shi. Haka ya yi rayuwarsa, kuma ko kaza bai taɓa takawa ba.

Sai makarantar ta sayar da bas. Iyaye sun koma kiran mota ta waya. Aka ba shi takardar yabo mai firam da agogon bango, aka yi masa tafi. Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Yakan tashi da sassafe ya yi wanka, ya sa rigar aikinsa, ya fito ƙofar gida ya zauna a benci yana jujjuya zoben makullai da babu makullin mota a jiki. Yaya, matarsa, takan leƙo ta labule ta koma. Ni mai bakin da ba ya mutuwa, in na je sai in rasa abin faɗi.

'Yarsu ɗaya ce, ni na sa mata Injiniya tun ranar da ta kwance rediyona tana neman mutumin da ke ciki. Da ta girma, akwai wani ƙaton allon talla a mararrabar da ke kusa da shagona: wani saurayi a zaune a bakin teku da kwamfuta a cinya, yana dariya, an rubuta a koyi fasahar zamani a yi aiki daga ko'ina. Na ce mata, "Ke dai duba, yashi zai shiga masa na'ura." Ba ta yi dariya ba. Kullum in ta zo wucewa sai ta rage tafiya. Dangi muka haɗa hannu ta yi karatun, ta koyi rubuta manhaja, ta fito da takardu masu hatimi. Ta shiga neman aiki. Ko'ina sai a ce ana son wanda ya taɓa yin aiki a wani wuri, amma babu mai son ya zama wurin nan na farko.

Daga ƙarshe ba ta yi nisa ba. A saman benen da shagona yake aka buɗe wani ofis, dogon ɗaki mai fanka da tebura a jere kamar aji. Aikin shi ne a turo maka hoton titin wani birni mai nisa, ka zana akwati a kan duk abin da ke ciki, ka faɗi sunansa: wannan mota ce, wannan keke, wannan mutum, wannan kare. Da hotunan ake koya wa motocin da ba su da direba gane hanya. Ana biya gwargwadon yawan hotunan da ka gama. Albashin kuwa baƙo ne mai kunya, kafin ka shimfiɗa masa tabarma ya yi sallama. Da shi ake biyan haya, a sayi shinkafa da sabulu, sauran kwanakin wata kuma a ci da haƙuri. Na tambayi Injiniya ina tekun yake. Ta ce, "Kawu, wani lokacin yakan fito a gefen hoto."

Da ofishin ya nemi ƙarin hannu, ita ta kai sunan ubanta. Ta zaunar da shi a shagona ta koya masa riƙon maus, ɗan abin da ake jan kibiyar kwamfuta da shi. Da hannu biyu ya fara kama shi, yana karkata jiki in zai ja kibiya hagu. Na ce, "Direba, ba ka sa sigina ba." Amma ya koya. Idonsa ido ne na wanda ya shekara yana kallon titi, ba ya ɗaukar inuwa a matsayin mota. Aka ba shi kujera a can ƙuryar ɗaki kusa da taga, 'yarsa kuma tana bakin ƙofa. Samari da 'yan matan ɗakin suka mai da shi Baba.

Na tsokane shi, ba shakka. Na ce, "Waya ta ƙwace maka bas, yanzu kuma kai ne malamin motar da za ta kori sauran direbobi. Allah ya ba ka ɗalibi mai albarka." Ya ce, "Tunda dai za ta fita titi, gara ta koya a hannun mai haƙuri."

Wannan lokacin shi ne mafi daɗi da na taɓa ganinsa a ciki. In an tashi da yamma yakan sauko ya zauna a kujerata ko da ba shi da gashin askewa. In ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya lumshe ido, ya fara.

"Wanzami, yau na bi wani titi da ganyen bishiyoyinsa duk sun yi ja. Sun zubo a kan kwalta, ba wanda ya share. Daga nan sai ga ni a kan gada, hazo ya rufe ruwa, fitilu kamar an jiƙa su. Akwai wani gari kuma da farin abu ya kwanta a kan motocinsa kamar an yafa musu zane."

"Mutanen fa?"

"Ba su da fuska. An shafe fuskokin, sai ka ce ka kalle su ta gilashin da aka huce wa numfashi. Amma daga tafiya kana gane wanda ya makara da wanda ba shi da wajen zuwa."

Ya ce har a mafarki yakan ga tsohon bas ɗinsa a waɗannan tituna, babu ƙarar inji, yara na barci a baya, shi kuma yana bi ta ƙarƙashin jajayen ganyaye bai san ƙofar da zai tsaya ba. Almakashi a hannuna, sai in ga ni ma na daina motsi. Wani mai jiran aski ya taɓa cewa, "Malam, in kun dawo daga tafiyar a taimaka mini."

Ana nan sai tsohuwar ta zo. Hoto ne na wani titi mai faɗi da ruwan sama ya wanke. A tsakiyarsa ga tsohuwa, ta duƙa kaɗan, jar lema a hannu ɗaya, jakar cefane a ɗayan. Ta baro wancan gefe, ba ta kai wannan ba. Fitilar masu tafiya a ƙasa ta riga ta canza. Hoton kuma daga gaban mota aka ɗauke shi, wato motar tana fuskantar ta.

Ya zana mata akwati, ya rubuta mutum. Saura ya danna a kawo na gaba. Hannunsa ya ƙi. Da ƙyar ya danna, yana tsammanin zai gan ta ta ƙara gaba, sai ga wata tashar mai a wani gari daban, rana tsaka.

Ashe hotunan gauraye suke zuwa. A yanka tafiyar mota guda gunduwa-gunduwa a watsa wa duk ɗakin, har da wasu ɗakuna a wasu ƙasashe. Wanda ka danna ya wuce ba ya dawowa. Ba a shiga da waya, a ƙofa ake ajiye ta cikin akwatin ƙarfe, balle ka ɗauki hoton hoto. Kowa a ɗakin ya san haka, kuma ba wanda abin ya taɓa damu. Yara ne, ba su taɓa sauke ɗan wani a bakin titi ba.

Shi kuwa ya sauko ranar bai zauna a kujerata ba.

"Wanzami, na bar wata baiwar Allah a tsakiyar titi."

Da na gane zancen sai da na riƙe ciki don dariya. Na ce, "Hoton nan wa ya san shekararsa? Ta haye, ta dafa abin da ta sayo, ta ci, wataƙila ma lemar ta tsufa an yar."

"Wataƙila," in ji shi. "Amma ban gani ba."

Washegari ya fara tashi daga kujerarsa. Ya yi aiki kaɗan, sai ya miƙe kamar mai miƙe ƙafa, ya bi bayan tebura yana leƙa allon kowa. Yaran suka ɗauki abin wasa. Da an ga ja a hoto sai a ɗaga murya, "Baba, ga mutuniyarka!" Ya taho da sauri, ya tarar da akwatin wasiƙa ne ko rigar wani yaro. Sau ɗaya aka same ta da gaske, a allon wata yarinya, amma hoton na baya ne, tana tsaye ba ta ma fara hayewa ba. Wannan ya ƙara masa ƙaimi. Tunda akwai na baya, akwai na gaba.

A bangon ɗakin akwai babban allo da ke nuna sunayen ma'aikata, mai sauri a sama, mai nawa a ƙasa. Sunansa ya fara gangarowa kamar mota mara birki. Mai duba aikin wata matashiya ce da yaran ke kira Agogo, don ba ta iya gaisawa ba tare da ta kalli tsintsiyar hannunta ba. Ba muguwa ba ce, ita ma akwai kyamara a kanta da masu kallonta daga nesa. Ran nan ta tara su ta ce masu ba da kwangila sun rage aiki. Za a duba saurin kowa a makon ƙarshen wata, a ja jan layi a allon, wanda ya faɗa ƙarƙashinsa ya tafi. Ta ƙara da cewa daga yau duk wanda ya tashi ya je allon wani a lokacin aiki, a take ya sallami kansa. Ba ta kalli kowa ba, amma duk ɗakin ya san da wa take.

A gida Yaya ta sauke masa kwandon faɗa, ina zaune.

"Tsohuwar nan uwarka ce? Ita za ta biya mai gida? A shekarunka wa zai sake ba ka kujera? Ka tuna bencin can na ƙofa, ni ban manta ba."

Ya ɗaga kai yana kallon agogon bangon da makaranta ta ba shi. Na so in sa baki da wasa, Yaya ta ce, "Kai kuma rufe mana baki, mai aske kan mutane da surutu." Na rufe. Injiniya ce ta matso ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, ka zauna a kujerarka ka yi aikinka. Idonka ya fi na kowa, tashin ne ke cin ka. In ta zo wajena, wallahi zan riƙe maka ita har ka gani."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Ni na ɗauka dabara ce irin ta lallashin yaro. Hotuna kamar yashi, ɗakuna a ƙasashe daban-daban, ina tsohuwa za ta faɗo a allon yarinya guda? Ina jin ita ma haka ta ɗauka.

Makon nan Sai-ka-shiga ya zauna kamar an dasa shi. Kowa a ɗakin gudu yake, ba mai ɗaga kai, sunaye sun cunkushe a tsakiyar allo, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba. Nasa ya fara hawa a hankali, irin hawan tsohon bas a kan tudu. Da yamma in ya sauko babu labarin ganye ko gada. Na tambaye shi inda ya je yau, ya ce, "Ban duba ba. Akwatuna kawai na gani." Ban ji daɗin amsar ba, amma na ƙyale shi, don haya ba ta san ganye ba.

Ranar ƙarshe, bayan an dawo daga hutun rana, jar lema ta faɗo a allon Injiniya.

Ita ta ba ni labarin daga baya. Ta ce ta zana akwatin, yatsanta na kan maus, ta hango ƙeyar ubanta a can ƙuryar ɗaki. In ta kira shi ya taso, an kore shi. In ta danna, hoton ya tafi har abada. In ta riƙe, agogonta na tafiya babu aiki. Sai ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

Agogo ta zo ta tsaya a kanta. "Ke, na'urarki ce ta tsaya?"

"A'a, Anti. Ni ce na tsaya."

Agogo ta kalli allon, ta kalli ƙuryar ɗaki, ta kalli kyamara. Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Kin san abin da kike yi? Ba ni da ikon tsayar miki da lokaci."

"Na sani, Anti."

Na ce mata, "Don Allah, Injiniya, da kin danna kin wuce, da yamma ki gaya masa da baki." Ta ce, "Kawu, kai ma ka san shi. Sai ya gani."

Da lokacin tashi ya yi na rufe shago na hau sama. Mai gadin ofishin abokin cinikina ne, ya bar ni na tsaya a bakin ƙofa. Aka ja jan layin. Sunan mijin yayata ya tsaya daidai a samansa, kamar mai zaune a kan katanga ƙafafu na lilo. Yaran suka yi ta tafi, "Baba ya haye!" Ya miƙe yana dariya yana neman 'yarsa da ido. Ita kuwa ba ta tashi ba.

"Baba, zo ka gani."

Ya taho tsakanin tebura, kowa ya ba shi hanya. Titin nan ne, jiƙe, fitilu na kwance a cikin ruwa. Tsohuwar ta kai. Ƙafarta ɗaya a kan dakalin gefen titi, jakar cefane ta rataye a gwiwar hannu, ta ɗan waiwayo ta ɗaga wa motar da ta jira ta tafin hannu. Fuskar a shafe take kamar ta kowa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga nasa hannun daidai kafaɗa, yadda direba ke amsa gaisuwa ta gilashi.

Bakina bai iya haƙuri ba. Daga ƙofa na ce, "Direba, motar fa babu kowa a ciki."

Bai juyo ba. Ya ce, "To ai shi ya sa. Wani ya kamata ya amsa mata."

Ya ce wa 'yarsa ta danna. Ta danna, wani titi ya fito. Sai a lokacin ya ɗaga kai ya nemi sunanta a allon bango. Ya fara daga sama, inda ya saba ganinsa, ya yi ta gangarowa har ya wuce nasa, ya wuce jan layi. Na ga leɓensa na motsi. Ta riga shi magana.

"Baba, ba akwati na yi karatun zanawa ba. Na daɗe ina son tashi, tsoro ne ya hana ni. Kai ka riƙe mana wannan."

Ko gaskiya ta faɗa, ko don ta sauƙaƙa masa ne, ban sani ba, kuma ban tambaya ba. A gida Yaya ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan tsorata ni. Ta dubi uban, ta dubi 'yar, ta ce, "Ni na auri ɗaya, ashe biyu ne," ta shiga ɗaki.

Yanzu albashi ɗaya ne a gidan, baƙon nan mai kunya, kuma ya ƙara saurin sallama. An daina shayi da madara. Sai-ka-shiga yana hawa bene kowace safiya, ba ya tashi daga kujerarsa, amma labarin ganyaye ya dawo kaɗan-kaɗan. Injiniya ta kafa tebur a bayan shagona da wata tsohuwar kwamfuta mai zafi kamar dutsen guga. Tana karɓar ƙananan ayyuka, tana aika takardu. Ta yi mini manhajar da masu aski za su riƙa kama layi ta waya. Ba wanda ya taɓa amfani da ita, sun fi son su zo su zauna su ji gulma, amma tana aiki, na gwada da kaina.

Ran nan wani kamfani ya kira ta ganawa, karo na farko da aka ce ta zo da ƙafarta. Da sassafe ne, kafin a buɗe ofishinsu, don haka uban ya ce zai raka ta, ni ma na bi. Dogon gini ne mai ƙofar gilashi a ƙetaren wani babban titi. Muka tsaya a wannan gefen. Ta gyara mayafi, ta rungume jakar takardunta, ta jira motoci suka tsagaita, ta haye. Mai gadi ya buɗe mata, gilashin ya rufe, sai hoton titi da sararin sama a jikinsa.

Na ja hannun rigarsa. "Direba, ta shiga. Za ka makara, Agogo na jira."

"Na gani," in ji shi.

Amma sai da ya ƙara ɗan tsayawa.